Ta Sha Bakwai

Shekara talatin da ɗaya babana, Orest Bilyk,
yana sauka ramukan da ke ƙarƙashin titunan Winnipeg,
fitila ɗaure a goshi, almakashi a aljihun gaba.
Cikin Janairu, sa'ad da numfashi ke daskarewa a gemu,
sai ya kafa ɗan tanti a bakin ramin,
ya feɗe cikin kebur mai kaurin cinya,
wayoyi dubu biyu su zubo masa a hannu kamar taliya.
Bai taɓa ruɗewa ba.
Kowace, in ji shi, an murɗe ta da abokiyar tafiyarta.

Fari, ja, baƙi, rawaya, shunayya, su ne masu masauki.
Shuɗi, ruwan lemo, kore, ruwan ƙasa, ruwan toka,
su ke bi ƙofa ƙofa suna sallama.
Biyar sau biyar, ashirin da biyar,
a ɗaure damin da zare, a koma kan fari.
Da wannan na koyi lissafi a teburin kicin
tun ban iya ɗaure igiyar takalmina ba.

Guntayen da ya kwaso a aljihu
na kitsa su awarwaro, na sayar wa 'yan ajinmu.
Ya kama hannuna ya duba, ya girgiza kai:
"Halyna, kin haɗa kore da shuɗi.
Da a rami kika yi haka,
da mai kiran likita da tsakar dare
ta samu mai facin taya."

Shekarar da kogi ya cika ya batse
kwana tara ba mu ga idonsa ba.
Ya dawo yatsunsa sun yi fari, sun yamutse,
ya yi barci a kan kujera da takalma a ƙafa.

Yanzu yana hawa na uku a gidan tsofaffi,
tagarsa na kallon filin ajiye motoci.
Yau ni ƙanwarsa ce, gobe mai kawo magani.
Likita ta nuna min hoton kansa, ta yi dogon bayani.
Ni abin da na gane:
ruwa ya shiga kebur, kuma babu mai sauka.

Ran Talata na tarar da wani saurayi a kan layinmu
yana zare tsohuwar tagulla, za su zura zaren gilashi.
Na roƙe shi kamu ɗaya. Ya yanko min, bai tambayi dalili ba.

Na ɗora wa Baba a kan bargo.
Ya daɗe yana kallo.
Can sai babban yatsansa ya tuna,
ya baje su kamar mai tsefe kai.
"Fari da shuɗi, ɗaya.
Fari da ruwan lemo, biyu."
Marisol ta shigo da tire, ta tsaya cak a bakin ƙofa.
Ya wuce ja bai yi tuntuɓe ba, ya ratsa baƙi,
muryar da ta manta sunan cokali
tana tafiya tiryan-tiryan.

A rawaya da ruwan lemo ya tsaya.
"Sha bakwai," ya ce. "Wannan ta gidana ce."
Ya kai bakin wayar kunnensa,
tagulla tsirara, ba ta haɗe da komai a duniya.
Ya saurara. Ya yi murmushi.
"'Yata ce. Kullum tana kan layi,
ba ta san a ajiye ba."
Ya ɗago ya dube ni, kallon abokin aiki:
"Ki kula da almakashin nan. Kar ki yanke ta."

Na ce, "Ba zan yanke ba, maigida."

Miyar ta huce a kan tire.
Marisol ta ce bari ta je ta ɗumamo.